Yadda Ake Canza Bol-join na Sama a Tsohuwar A-kori-kura

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Illela, ko ta Wurno da Goronyo a lokacin kwasar albasa, ya taɓa ganin a-kori-kura ta durƙusa a gefen titi, tayar gaba guda ta kwanta kamar ƙafar raƙumin da ya gaji, buhuna a zube, direba na tsaye da hannu a ka. In ka tambaye shi sai ya ce maka ƙafa ce ta cire. Abin da ya cire ɗin, sau da yawa, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannu girma ba, wanda kanikawa ke kira bol-join. Kuma ba ya cirewa haka kawai. Yakan yi watanni yana kuka kafin ranar, sai dai ba a saurare shi ba.

Canza shi ba aiki ne mai wuya ba. A tsohuwar Hilux ƙananan noti huɗu ne da babba guda. Mutumin da ya iya riƙe sifana zai gama gefe ɗaya tsakanin asuba da hantsi. Wurare biyu ne kawai ake cutuwa: rashin sanin inda ƙarfin sifirin yake kafin a kwance, da kuma sakaci wajen zaunar da sandar sabon bol-join a raminta. A kansu zan fi daɗewa.

Me yake yi a jikin mota

Ƙafar gaba ta irin waɗannan motoci tana rataye ne tsakanin hannuwa biyu na ƙarfe, na sama da na ƙasa, waɗanda a gareji za ka ji ana ce musu ofa-am da lowa-am. A tsakaninsu akwai wani ƙarfe tsaye mai ɗauke da hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, da faifan birki da taya, shi ne nokul. Nokul yana buƙatar ya juya dama da hagu in an murɗa sitiyari, ya kuma hau ya sauka in an faɗa rami, duk a lokaci guda. Bol-join ne ke ba shi wannan dama, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In ka taɓa tsayawa wurin mahauci ka ga mahaɗar cinya da ƙugu, ƙwallon ƙashi a cikin kwarminsa, to ka ga bol-join. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin gida mai giris, da hular roba da ke hana ƙasa shiga, da sanda mai siffar karas, kauri a gindi siriri a kai, wadda ke shiga ramin nokul a ɗaure ta da noti.

Robar nan ita ce ransa, kuma ƙasarmu ba ta raga mata. Zafin watan Afrilu, da ke haura digiri 40, yana busar da ita ta tsage. Hunturu ya zo da ƙura ta shiga ta tsagar ta gauraya da giris, ya zama kamar an zuba yashi a turmi ana niƙa. Damina ta zo a ratsa ruwan fadama ya wanke ɗan abin da ya rage. Ƙara da lodi: motar da aka yi ta don ɗaukar kimanin tan ɗaya, mu mukan ɗora mata abin da ya fi haka nesa, mu bi da ita hanya mai gargada.

Kafin ka sayi komai, leƙa ƙarƙashin motarka, domin ba kowace a-kori-kura ce ke da bol-join na sama ba. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ta da hannun sama, shokozoba ce ke tsaye a wurin, don haka na ƙasa kaɗai gare ta. Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu waɗanda ke da aksul guda a gaba bisa sifirin mai ganye su ma ba su da shi, boris, wato zoben ƙarfen da ke sa abu ya juya sumul, shi ne ke riƙe musu nokul. Wannan bayani na masu hannuwa biyu ne: Hilux mai jan baya, Hilux mai jan ƙafa huɗu ta shekarun 1997 zuwa 2005, tsofaffin Nissan da Mitsubishi L200 da makamantansu.

Tabbatar shi ne ya mutu

Alamar farko ƙara ce, ƙwas-ƙwas daga gaba in an hau gargada ko an faɗa ƙaramin rami a hankali. Wani lokaci kuma ƙiii yake yi kamar tsohuwar ƙofa in ana murɗa sitiyari a tsaye, alamar ya bushe. Daga nan mota ta fara yawo a titi, kana gyara hannu ba hutawa, taya kuma ta cinye ta gefe ɗaya. Amma duk waɗannan alamu tayarod, sandar da ke kai murɗin sitiyari ga taya, da bushin, robar da hannu ke juyawa a kai, da boris ma suna kawo su, kuma na sha ganin an canza lafiyayyen kaya an bar mara lafiya.

Gwajin mutum biyu yake so. Ɗaga ƙafar har taya ta bar ƙasa. Kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ta ciki da waje da ƙarfi. In ka ji wasa, ka ce wa abokin aikinka ya shiga ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne. Wasan yana nan, to bol-join ne ko bushin na hannu. Yanzu sai ku yi musanya, shi ya girgiza kai ka haska tocila a kan bol-join ɗin, ko ka ɗora yatsu a tsakanin hannun sama da nokul. In akwai motsi a nan za ka ji shi a fatarka tun kafin ido ya gani. Sannan a sa dogon liba a ƙarƙashin taya a ɗaga a saki, a duba ko sandar tana shiga tana fita cikin gidanta. Girgizar da ake yi da hannu a dama da hagu kuma tayarod take nunawa, ba namu ba.

In roba ta yage har kana ganin ƙasa a ciki, kada ka tsaya jiran wasa ya bayyana. Kwanansa sun ƙare.

Sayen sabo

Je wurin 'yan sifiya da tsohon a hannu in zai yiwu, ko aƙalla da lambar shasi da hotonsa. Na mai jan baya da na mai jan ƙafa huɗu suna iya kama da juna a ido alhali kaurin sandarsu ya bambanta. Na kamfanin motar shi ne gaba, sai 555 na Japan da CTR na Koriya, waɗanda kanikawa suka daɗe da sani. Sai dai sunan da ya yi suna shi ake kwaikwaya, don haka kwali kaɗai ba shaida ba ne. Fito da shi ka riƙe. Nagari yana da nauyi, zaren sandarsa a goge yake ba kaushi, kuma in ka tura sandar da hannu tana motsi da ƙyar, ba ta lilo. Duba cewa akwai sabon babban noti da sabon kota-fin a ciki, wato siririn ƙarfe mai ƙafa biyu da ke hana notin warwarewa.

Sayi biyu. Hagu da dama hanya ɗaya suka bi, shekarunsu ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan yana bakin ƙofa.

Akwai masu karɓar tsoho su bubbuge bayansa da guduma don ya matse, wasu su narka roba su ɗura a ciki, su ce ya koma sabo. Na gwangwan ma haka, ba ka san tafiyar da ya yi ba kafin ya iso hannunka. Ina roƙonka ka bar su. Bugun yana ɓoye wasan na 'yan makonni, amma wuyan ƙwallon da ya riga ya cinye yana nan yadda yake, kuma shi ne ke karyewa. Kuɗin da ka rage bai kai na taya guda ba, balle ran yaran da ke zaune a kan buhuna.

Kayan aiki da wuri

Kana buƙatar jak biyu, ko jak ɗaya da ƙarfen tokara masu ƙafa, sifanar taya, soket da sifana daga lamba 12 zuwa 24, dogon hannun soket, filaya, guduma biyu masu nauyi, liba, burushin waya, igiya ko waya mai ƙwari, tsumma, famfon giris, da ɗan kananzir ko man kwance tsatsa. In za ka samu aron fula ta cire bol-join da sifanar awo mai nuna ƙarfin ɗauri, aikinka ya yi sauƙi ƙwarai.

Wuri kuma ya zama daɓe ko ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Yawancin filayenmu yashi ne, kuma jak a kan yashi nutsewa yake yi a hankali ba ka sani ba. In dole ne a nan za a yi, sa katako mai kauri da faɗi ƙarƙashin kowane jak da kowace tokara. Bulon siminti ba tokara ba ne. Yana ɗaukar nauyi lafiya lau sai lokacin da ka kai wa nokul guduma, ya fashe a take. Maigidana da na koyi aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa, in ya ga yaro ya jawo bulo ba ya ko ɗaga murya, sai ya ce, “Kai yaro, mai da shi inda kag gane shi, wagga mota ba ta san kana ƙarƙashinta ba.” Ka fara da sassafe, a inuwar dogon yaro in akwai, domin ƙarfen da ya sha ranar azahar ba ya taɓuwa, kuma mai gaggawar tserewa rana shi ke manta kota-fin.

Ina sifirin yake?

Nan ne zan ja ka mu tsaya. Durƙusa ka bi sifirin ɗin gaba da ido. A yawancin tsofaffin nan ba nadadden sifirin ba ne, wata doguwar sandar ƙarfe ce da ke kwance a tsawon shasi, toshin-ba, wadda ke ɗaukar nauyin mota ta hanyar murɗewa. Ƙarshenta na gaba yana manne da ɗaya daga cikin hannuwan biyu. Wanne ne?

In da hannun ƙasa take, kamar a Hilux mai jan baya da tsofaffin Nissan, to kullum tana tura hannun ƙasa zuwa ƙasa da ƙarfin da ke riƙe kusurwar mota guda. Idan taya na rataye, bol-join na sama yana cikin abin da ke hana ƙafar faɗawa. Ka cire notinsa babu jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, ƙafar za ta fizge ƙasa da duk abin da ke gabanta, ko yatsa ne ko tiyon birki. Don haka a irin wannan mota jak yana shiga ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da bol-join na ƙasa, a ɗaga har hannun sama ya rabu da 'yar robar da yake kwanciya a kai. Kuma ba a cire jak ɗin daga nan sai an gama ɗaure komai.

In kuma da hannun sama take, kamar a Hilux mai jan ƙafa huɗu ta 1997 zuwa 2005, lissafin ya juya. Toshin-ba tana danna hannun sama ƙasa, kuma idan taya na rataye hannun yana kwance a kan robar tsayawarsa, ƙarfin ya ƙare a can. A nan jak ɗin da ke ƙarƙashin hannun ƙasa tallafe kawai zai yi, ya taɓa ya ɗan ɗauki nauyin nokul. In ka ɗaga shi da yawa ka mayar da ƙarfin toshin-ba kan bol-join ɗin da kake shirin kwancewa. A wannan mota bol-join yana manne ta ƙarƙashin hannun, don haka sararin fito da shi ana samunsa ne ta sauke nokul, ba ta ɗaga hannu ba. In sararin ya yi kaɗan, dabarar ita ce tun kafin a kwance komai a ɗaga ƙafar da jak, a cusa guntun katako mai tauri tsakanin hannun sama da wurin kwanciyarsa, a sauke jak a hankali hannun ya zauna a kan katakon. Kada yatsa ya shiga wannan tsakani ko da wasa.

Notin da ke saita toshin-ba, can baya a ƙarƙashin mota, ba ruwanka da shi a wannan aiki. Ka taɓa shi ka canza tsayin mota.

Kwancewa

Ja hambirki, sa giya, sa weji gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notin taya tun tana ƙasa. Ɗaga motar ta shasi, zaunar da ita a kan tokara, girgiza ta da kafaɗa ka ga ba ta motsi, sannan ka cire tayar ka tura ta kwance ƙarƙashin shasi. In wani abu ya kuɓuce, a kan rim motar za ta sauka.

Sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa yadda na bayyana, gwargwadon irin motarka. Goge ƙasa da busasshen giris da burushin waya, jiƙa duk notin da kananzir, ka ba su minti goma. Murɗa sitiyari yadda babban notin zai fuskance ka.

Fara da ɗaure nokul. Zagaya waya ko igiya ta jikinsa ka ɗaure a shasi, da ɗan sassauci kaɗan. Da zarar sandar ta fita, nokul da faifai da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, za su kifo waje, nauyinsu kuma ba kaɗan ba ne. In ba a ɗaure ba, tiyon birki ne zai tare su, ya tsage daga ciki inda ba ka gani, ya bari sai ranar da ka taka birki da lodi. A mai jan ƙafa huɗu kuma kifowar tana iya zaro shaf, sandar da ke juya tayar, daga gidansa. In akwai wani ɗan ƙarfe da ya maƙale tiyon a jikin hannun sama, kwance shi ya samu sararin motsi. Bututun birkin kansa ba a buɗe shi.

Yanzu ka karya ƙarfin ƙananan notin nan huɗu, rabin juyi kowanne, tun komai yana riƙe da juna. Kada ka cire su tukuna. Miƙe ƙafafun kota-fin da filaya ka zare shi. In ya ruɓe ya karye a ciki, fitar da guntun da siririyar ƙusa. Sassauta babban noti, amma kada ka cire shi: juya shi har ya bar rata kamar kaurin tsabar kuɗi biyu ko uku, ka bar shi a kan zare. Shi ne zai tare ƙafar lokacin da sandar ta saki.

Sandar ba za ta fito don ka cire noti ba. Siffar karas ɗin nan ta sa ta cije a raminta shekara da shekaru. In kana da fula, ɗaura ta ka matsa a hankali har ka ji ƙara kamar an fasa dutse. In babu, guduma biyu: jingina ɗaya a bayan kunnen nokul, wato zoben ƙarfen da sandar ta ratsa, ka bugi ɗaya gefen da ɗayar, bugu gajere mai nauyi. Girgizar ce ke sa ramin ya saki. Gefen kunnen ake bugu, ba kan sandar ba. Wanda ya bugi kan sanda yakan baje zaren, noti ya ƙi fita, ya ƙare da zarto. A motar da sifirinta ke hannun ƙasa za ka iya sassauta jak kaɗan, ɗan kaɗan, domin sifirin ya taya ka ja yayin da kake bugu, tunda noti na nan yana tsaro. Da ta saki, mayar da jak sama kafin ka taɓa notin.

Wani zai ce a kira mai walda ya gasa wurin da wuta. Kada ka yarda. Nokul ƙarfe ne da aka yi wa tauri na musamman, wutar da ta sa shi ja tana canza shi, kuma boris da robobin birki suna nan kusa. Ƙara kananzir, sha ruwa, sake bugu. Yana saki.

Da ta saki, cire babban noti, raba hannun da nokul, ka bar nokul ya jingina a kan igiyarsa. Cire ƙananan huɗun, bol-join ya fito.

Iri biyu suna fita daga wannan tsari. Wasu tsofaffin motocin Amurka sun zo daga kamfani da bol-join a dasashe da ribit maimakon noti. A nan sai a goge kawunan ribit ɗin da injin gurza ko a huda su, a fitar, a ɗaure sabon da notin da ya zo da su, ba tare da an faɗaɗa ramukan ba. Hilux daga 2005 zuwa sama kuma nata matse shi aka yi cikin hannun. Wannan sai an cire hannun gaba ɗaya an kai wurin mai injin matsa, ko a canza hannun dukansa, wanda shi ya fi in bushin ma sun gaji. Bugun irinsa da guduma yana buɗe ramin, sabon ya zauna yana rawa. Kuma duk motar da ka cire wa hannun sama ka tarar da siraran faranti a bayan sandarsa, ƙirga su ka ware na gaba da na baya, domin su ne saitin ƙafar.

Zaunar da sabo

Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan buhu mai tsabta. Tsawon sanda, kaurinta, tazarar ramuka huɗu, duk su zo ɗaya. Kankare mazauninsa a jikin hannu har ƙarfe ya fito, ka duba ko akwai tsaga a kewayen ramukan. Hannun da ya tsage canza shi ake yi, ba a yi masa walda.

Sai ramin nokul, wuri na biyu da na ce zan daɗe. Goge shi da tsumma har ya bushe ƙarau, babu yashi babu tsatsa babu maiƙo. Goge sandar sabon ita ma. Kada ka shafa musu giris. Mutane suna yi da kyakkyawar niyya, wai don ta fita da sauƙi nan gaba, amma cizon ƙarfe da ƙarfe shi ne ainihin abin da ke riƙe ƙafar, noti yana tabbatar da cizon ne kawai. Kafin ka ɗaura komai, zura sandar cikin ramin da hannu ka gwada. Ta zauna daram, ba ta rawa ko ta wane gefe, kuma zare kaɗai ya leƙo ta ɗaya bakin. In tana rawa, ko ta shige har sashenta mai santsi ya fito, to tsohon ya daɗe yana wasa a ciki ya cinye ramin ya zama kamar ƙwai. Na ga ana naɗa gwangwani a sandar, ko a jera washa biyu uku ƙarƙashin noti don ya kama. Sandar da ba ta zauna da dukan jikinta ba tana lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kowane rami har ta karye a gindin zare. Maganin ramin da ya buɗe shi ne wani nokul.

In ramin lafiya, ɗora bol-join a hannun ta fuskar da tsohon yake, kan giris yana kallon inda famfo zai kai gare shi. Kama ƙananan huɗun da hannu dukansu kafin ka matse ko ɗaya, sannan ka matse su a gicciye. Kawo nokul da sandar su haɗu, da jak ko da danna hannun, ka lura kada robar ta naɗe ko ta tsinke a bakin rami. Sa babban noti.

Wani lokaci noti yana juyawa da sandar tare. Danna hannun sama da liba, ko ka ƙara jak kaɗan, sandar ta cije, sai ya kama.

Ƙarfin ɗauri yana cikin littafin kowace mota, kuma shi ne abin bi. A tsohuwar Hilux ƙananan suna wajen 30 a ma'aunin Nm da sifanar awo ke nunawa, babban kuma ya haura 100. Bambancin yana da yawa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a juya su: a sa dogon bututu a kan ƙananan har ɗaya ya tsinke, babban kuma a bar shi da ƙarfin gajeriyar sifana. Notin taya shi ma wajen 100 ne.

Babban notin yana da tsaga-tsaga a kansa kamar ganuwa, sandar kuma tana da huda. In ka kai ƙarfin da ake so hudar ba ta yi daidai da wata tsaga ba, ƙara matsawa kaɗan har ta gaba ta zo. Ba a komawa baya don a samu huda. Zura sabon kota-fin, mai kaurin da ya cika hudar, ka lanƙwasa ƙafafunsa. Tsohon da aka miƙe ya riga ya gaji a wurin lanƙwasar, ƙusa da wayar ɗaurin rodi kuma ba aikinsu ba ne.

Sa giris in yana da kan shan giris. Wasu suna zuwa da ɗan noti a toshe a wurin, sai ka cire shi ka ɗaura kan. Goge kan kafin ka ɗora famfo, in ba haka ba yashin da ke bakinsa kai da kanka za ka tura shi ciki. Baƙin giris na ƙafar mota mai lamba 2 ya dace. Buga a hankali kana kallon robar, da ta fara kumbura ka tsaya. In ka ci gaba har ta fashe, ka mayar da sabon kayanka inda tsohon ya fara lalacewa. Wanda ya zo a rufe ba kai, an cika shi tun daga kamfani, kada ka huda shi.

Mayar da maƙalin tiyon birki, kwance igiya, cire katakon nan in ka sa shi. Murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana kallon tiyon, kada ya miƙe ko ya goga da wani abu. Mayar da taya, sauke mota, matse notin taya a gicciye. Koma ɗaya gefen, wanda zai ɗauke ka rabin lokacin na farko.

Bayan an sauke

Taka birki sau biyu uku a tsaye ka ji ya cika. Zagaya unguwa a hankali ba lodi, gilas a sauke, kana saurare. In ƙwas-ƙwas ɗin yana nan, koma kan bol-join na ƙasa da bushin da tayarod. Daga nan kai ta wurin masu saitin ƙafa a ranar ko washegari. Saitin da take da shi an yi shi ne a kan kayan da ke wasa, yanzu da wasan ya tafi tsayuwar tayar ta canza, kuma tana iya cinye gefen sabuwar taya da wuri.

Bayan mako guda na aiki, cire tayoyin gaba ka sake bin ƙananan notin da sifana, ka ga kota-fin yana nan, ka shafa robar ka ji ba ta zubar da giris. Ni duk lokacin da na juye baƙin mai nakan ba kowane kan giris bugu biyu ko uku, da damina kuma, in motar ta ratsa ruwan da ya kai hob a hanyar fadama, ba na jiran juyen mai, a daren nake yi.